Asabar a South Boston

Yau na raka maƙwabciyata, wata tsohuwa jikar 'yan Ayaland, zuwa South Boston, wata unguwa a birnin Boston na Amurka, ta gaida ƙanwarta da ke kwance ba lafiya. Tun da ƙafarta ta fara damun ta, ni ke riƙe mata jaka. Da muka hau tudun Dorchester Heights sai ta tsaya, ta nuna mini ginin tsohuwar sakandaren unguwar. Ta ce a bakin titin nan ta tsaya a Satumban 1974, cikin iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta.

Labarin ba baƙona ba ne, sai dai ban taɓa jin sa daga bakin wanda ya tsaya a ɓangaren masu adawa ba. A watan Yunin shekarar, alƙali Arthur Garrity ya yanke hukuncin cewa da gangan hukumar makarantun Boston ta ware yaran baƙar fata, ya ba da umarnin a riƙa kwasar yara a bas daga unguwa zuwa unguwa. Aka haɗa South Boston ta fararen talakawa da Roxbury ta baƙaƙe. Ranar 12 ga Satumba aka buɗe makaranta, aka yi wa motocin yaran Roxbury ruwan duwatsu.

"Ni ban jefi kowa ba, 'yata," in ji ta, tun kafin in tambaya.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya har yau shi ne a lokacin Garrity a Wellesley yake zaune, garin masu kuɗi a wajen birni, inda hukuncin bai taɓa ɗan kowa ba. Nan kam tana da gaskiya. A watan Yulin 1974 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a kan makarantun birnin Detroit, ta hana a ja garuruwan kewaye cikin irin wannan shiri sai da hujjar su ma sun yi wariyar. Mai hali ya tattara ya koma bayan gari ko ya kai ɗansa makarantar kuɗi, aka bar talaka da talaka suna hararar juna.

Amma da ta fara yabon Louise Day Hicks, 'yar siyasar unguwar da ta jagoranci adawa da shirin bas, wai ita kaɗai ta tsaya musu, sai na ji raina ya ɓaci. Tun 1963 Ruth Batson, mai fafutukar haƙƙin baƙar fata, da iyayen baƙar fata ke kai kuka gaban hukumar makarantun kan cunkoson azuzuwa da ruɓaɓɓun gine-gine, Hicks tana shugabanta, aka yi kunnen uwar shegu da su. A 1965 jihar Massachusetts, inda Boston take, ta yi dokar daidaita yawan farare da baƙaƙe a makarantu, hukumar ta shekara tara tana jan ƙafa. Waɗanda unguwar ta zaɓa su ne suka ja wa unguwar alƙali. Na faɗa mata haka cikin ladabi, don ta haife ni. Ta yi shiru, can ta ce su ba wanda ya taɓa gaya musu halin da makarantun Roxbury ke ciki. Ban yarda ba, amma na bar maganar.

Ƙanwar tata da sauƙi, alhamdu lillahi, har ta sha shayi. Mun dawo a jirgin ƙasa daga tashar Broadway, na tarar yara sun cinye shinkafar rana kaf.

Da dare na ba Abban yara labari, ya ce in bar tsohuwa ta huta da tambayoyi. Na ce ai ita ta fara. Kuma har yanzu ba ta gaya mini inda take ba ranar 11 ga Disamba, da aka soki wani ɗalibi farar fata da wuƙa, jama'ar unguwa suka kewaye makarantar, ɗaliban baƙar fata suka kasa fita na tsawon sa'o'i.