Robar da ta maƙale a jikin inji

A garejin da na koyi aiki a Agege, juye, wato canza man inji, shi ne aikin farko da ake sakar wa yaro ya yi shi kaɗai. Saboda haka muka raina shi. Idonmu yana kan ranar da za a bar mu mu sauke giya ko mu buɗe kan inji, juye kuwa muna ganin ai kwance noti ne, baƙin mai ya tsiyaye, a ɗura sabo. Ina cikin wata na takwas da fara koyo aka kawo wata Hilux mai shan gas, wato dizal, ta wani Alhaji da ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Injinta 2KD ne, mai silinda huɗu da turbo. Maigida yana fama da wata mota, ya ce in yi mata juye.

Na bar injin ya yi ɗumi don man ya saki jiki, na shiga rami, na sauke farantin ƙarfen da ke kare cikin motar, na kwance notin kaskon mai. Na canza washa, na cire tsohuwar filta na jefa cikin bokiti, na ɗaura sabuwa, na ɗura man inji mai lamba 15W-40 kusan lita bakwai. Na tayar da mota, fitilar mai ta mutu, na fara goge hannu. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji muryar maigida daga can nesa: "Kashe! Kashe ta!" Mai ne ke feshi ta gefen filta, ya jiƙa jikin inji yana zuba cikin rami.

Bai zage ni ba. Ya sa hannu cikin bokiti ya ɗauko tsohuwar filtar ya miƙo min. "Yarona, dubi bakinta. Ina robarta?" Babu. Zoben robar da ke bakin tsohuwar filta ya maƙale a jikin inji, ni kuma na ɗora sabuwa da tata robar a kai. Roba biyu ba sa zama daidai. Da famfon mai ya turo da ƙarfi, sai ɗaya ta zame, hanya ta buɗe. Na ce, "Maigida, a yi haƙuri." Ya ce ba shi zan ba haƙuri ba, in tsaya in yi tunanin abin da zai faru da robar ta riƙe na rabin awa, har Alhaji ya hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, inda babu wurin raɓewa. Turbo yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, kuma abin da ya raba sandarsa da ƙarfen da take juyawa a ciki ɗan siririn mai ne. Shi zai fara ƙonewa, sannan metal ɗin ƙasa, wato ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, su bi, inji ya buga. Daga aljihunsa maigida ya sayi wani galan, kuma har Alhaji ya tafi bai ce yaro ne ya yi ba. Wannan ya fi duka yi min ciwo.

Tun ranar, filta ba ta barin hannuna sai na ga robarta. Ina goge mazauninta da tsumma mai tsabta, in shafa wa sabuwar roba ɗan sabon mai da yatsa, in murɗa da hannu har ta taɓa, sannan in ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Abin kwance filta don kwancewa aka yi shi. Wanda ya ɗaure da shi yana matse robar har ta lalace, kuma ya bar wa bakanike na gaba wahala. Bayan na tayar da mota ba na taka totur, ina barinta a silo in koma rami da tocila. In na kashe, sai in jira minti biyar man ya koma ƙasa kafin in zaro sandar awo.

Mota mai ja da tayoyi huɗu tana da wani tarkon. A ƙarƙashinta notocin tsiyaya sun yi yawa: na inji, na giya, na akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, da na aksul biyu. Mai gaggawa zai iya tsiyaye man giya, ya hau sama ya ƙara lita bakwai a kan injin da yake cike. Hanci yana taimako a nan, domin man giya yana da wari mai kauri irin na farar wuta. Cika mai fiye da alama kuwa ba gata ba ne ga inji. Yana kumfa, yana tura sil, kuma injin gas yana iya zuƙarsa ya riƙa ƙona shi kamar makamashi.

Abin da na fi shan gardama a kansa da direbobi shi ne lokacin juye. Wani zai zaro sanda bayan kwana uku ya ce, "Malam, man nan ya yi baƙi, anya ka canza?" Na canza. Injin gas yana fitar da kunkunniya, kuma aikin mai mai kyau ne ya kwashe ta ya riƙe kada ta daskare a jikin ƙarfe, shi ya sa yake saurin baƙi. Launi ba ma'auni ba ne. Mitar kilomita ma a Legas ba ta faɗin duka labarin. Motar da ta yi awa uku a gosulo tsakanin Oshodi da Apapa, da na'urar sanyi a kunne, injinta ya yi aikin awa uku, mita kuwa ɗan kaɗan ta ƙirga. Wadda ta miƙe hanyar Ibadan zuwa Arewa ta fi ta hutawa. Don haka nake ce musu kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, kuma ina rubuta ranar da lambar mita a takarda in manna a jikin ƙofa. Wasu suna ganin neman kuɗi nake. Nakan ce su je kasuwar kayan mota ta Ladipo su tambayi kuɗin inji tokumbo, su kwatanta da na galan biyu.

Tsohon mai kuma a duro nake tara shi, masu saye su zo su ɗauka. Ba na yarda a zuba a kwata, domin ruwan sama na farko zai kwashe shi ya ratsa unguwa, ta ƙofar gidajen da 'ya'yanmu ke wasa, ya ƙare a cikin ruwan da masunta ke jefa koma. Tsohuwar filtar ita ma sai na kifa ta a kan duron ta kwana tana ɗiga kafin a jefar.