Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kwanona Daban

Makon jiya na tsaya a saukarmu Kochi, jihar Kerala a kudancin Indiya, inda karatun Malam ya kai mu. Na bi shi da goyo a baya da kuma ciwon da na kwashe shekara tara ina rufewa da dogon hannu da safa.

Gida babu sunan da ba a ba shi ba. Wasu su ce kirci, wasu makero, mai kitso ta ce amosani ne ya yi ƙarfi. Gwaggo ce kaɗai ta kira shi kuturta, a tsakar gida, gaban ƙannen mijina, sannan ta ce: "A ware mata kwanonta." Wani koren kwanon sha ne mai tsaga a baki. Har yau in na rufe ido ina ganin sa a kife bayan randa.

Likitar fata a Kochi ce ta fara gaya min sunansa, soriyasis. Ta ce garkuwar jikina ce ke ingiza fata, fatar da ya kamata ta ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta sai ta yi cikin kwana 3 ko 4, ta taru ta zama ɓawo. Ba a ɗauka, ko da kwano ɗaya ake sha. Na ce ta maimaita min wannan. Ta maimaita.

Matar mai gidan hayarmu ce ta kai ni wurin wata dattijuwa mai maganin Ayurbeda, maganinsu na gargajiya da ake karanta shi a jami'a kamar kowane likitanci. Da na naɗe hannun riga, sai ta ɗora tafinta a kan gwiwar hannuna, babu safar roba, tana shafa ɓawon da babban yatsa. Kuka ya ƙwace min. Rabon da wani ban da Inna ya taɓa wurin nan, na manta. Daga baya na ji cewa tsoffin littattafansu sun tara cututtukan fata iri 18 ƙarƙashin suna ɗaya, kushta, har da kuturtar a ciki. Su ma kakanninsu sun haɗa su a suna, amma ita ba ta janye hannunta ba.

Magani ya fara da man shanu. Kowace asuba, ciki babu komai, a ba ni narkakken man da aka dafa da itatuwa masu ɗaci, har da darbejiya, wadda ashe asalinta can ne. Kullum ana ƙara yawansa, har kwana 5. A rana ta huɗu ƙamshinsa kaɗai tayar min da zuciya yake. Bayan nan aka yi shafe-shafen mai da sirace, sai wankin ciki, sai kwanaki ina kan kunun shinkafa zalla.

Man shafawar kuwa a gabana aka haɗa. Ganyen wata bishiya ce da suke kira dantappala, a yayyaga shi a cikin man kwakwa a shanya a rana kwanaki, har man ya rine ya koma shuɗi-shuɗi da ja-ja. Ganyen yana ba da shuni, sai ya tuna min da marinar Ƙofar Mata. Ina shafawa, in zauna a hantsi kaɗan, sannan in yi wanka da ruwan ɗumi ba tare da dirza ba.

Dokokin abinci sun fi maganin wuya. Ba kifi tare da madara, ba nono mai tsami da dare, a rage gishiri da yaji, ba barcin rana. A garin da kifi ne cefanen kowa! Ta kuma ce damuwa tana hura shi kamar iska da garwashi. Wannan ban buƙaci a gaya min ba. Shekarar da aka ware min kwano ce ya haye har gadon bayana, kuma Gwaggo ta ce wa mutane ai ga shi nan, maganarta ta fito.

Ban bar likitar fata ba, kuma ina so 'yan'uwa masu irin ciwona su ji wannan da kyau. Duk abin da aka ba ni sai na kai mata ta gani. Ta hana ni wani iri da ake kira bakuci saboda yana iya taɓa hanta, ta kuma gargaɗe ni kan garin magungunan da ake sa wa dalma ko zaiba. Tana auna min jini lokaci-lokaci.

Cikin wata 4 ɓawon ya kwanta, sai tabo baƙi-baƙi. Ya lafa ne, bai warke ba, kuma dattijuwar ba ta taɓa yi min alkawarin warkewa ba. Hunturun farko bayan dawowarmu ya taso a ƙauri. Yanzu man kaɗanya nake haɗawa da na kwakwa, kuma tun kafin iska ta juya nake farawa.

Ranar da muka dawo, Gwaggo ta zo sannu da zuwa. Ta kama hannuna tana jujjuyawa, ta ce, "Ashe dai ana warkewa." Ban ce mata komai ba. Na tashi na ɗebo mata ruwa a kofin da nake sha, na miƙa mata da hannu biyu. Abin da ta yi da kofin, da abin da Malam ya faɗa a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.