Daga Maraɗi zuwa Tudun Wada: abinda fitar Nijar daga ECOWAS ta zame mana

Jiya bayan isha'i gardama ta sake ɓarkewa a teburin mai shayin layinmu, kan dai maganar nan da ta ƙi ƙarewa, wai Nijar tayi daidai da ta fita ECOWAS ko kuskure tayi. Kowa ya juyo yana kallona tunda nine ɗan Nijar ɗin wurin, wani ma yace toh ɗan Tchiani faɗa mana, wato janar ɗin da ya karɓi mulki a Nijar. Wlh na kasa magana, saida na dawo ɗaki zuciya ta ɗan kwanta nace bari in rubuta.

Farkon 2023 na shigo Kaduna, wajen kawuna ƙanin mamata da ya fi shekara 30 yana saida albasa da wake a Bakin Dogo. Daga Maraɗi na hau mota muka bi Dan Isa muka tsallaka Jibiya, Katsina, kafin dare ina tashar Kawo. Ban ji kamar na bar ƙasa ba, Hausa ce dai, salla ɗaya, tuwo ɗaya, sai da aka zo lissafin kuɗi. Mu can da dala muke ƙirga, dala ashirin shine sefa 100, jaka guda 1000, ranar farko wata mata ta tambayi kwanon wake na fara mata lissafin dala ta tsaya tana kallona kawai. Idan nace an ɗauke kuran sai ace mene, ashe nan nefa ake cewa, lakwal makaranta, kabu-kabu acaɓa. Faransancin da na sha wahala na koya shekara da shekaru bai saida min ko albasa ɗaya ba. Kawu ya zaunar dani yace ɗana ka saki kunne ka riƙe baki, wata uku zaka waye. Haka ko akayi. Abu ɗaya ne har yau yake min ciwo, da anji kai ɗan Nijar ne sai a fara kiranka Buzu, a ɗauka gadi kazo ko turin ruwa, ba wai sana'ar tana da aibi ba, amma ka tambayi mutum sunansa mana.

Ina cikin sabawa kenan sai ga 26 ga Yuli 2023, sojoji suka hamɓarar da shugaban ƙasa Bazoum. Kwana huɗu tsakani ECOWAS, mu CEDEAO muke ce mata, lokacin Tinubu ke shugabantarta, ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe boda, aka bada wa'adin sati ɗaya ko a maida Bazoum ko a shiga da soja, Najeriya ta yanke wuta alhali a lokacin kusan kashi 70 na lantarkin Nijar daga nan yake tafiya. Ku da kuke jin wannan a rediyo labari ne, ni kuwa mamata ce a can da ƙannena huɗu da amaryar da ban kai ga ɗaukowa ba. Albasa ta tsaya a boda cikin manyan motoci tana ruɓewa, kawu yayi asarar da har yanzu baya son a tada maganar. Can gida shinkafa da magani suka yi tsada. Dare nake ina tunanin wai sojan Najeriya, wataƙila ɗan Katsina, zai ɗauki bindiga ya nufi Maraɗi, garin da sarkinsa har gobe Sarkin Katsina ake ce masa saboda daga Katsina kakanninmu suka taso bayan jihadi.

Anan ne mutanen Kaduna suka saye ni, gaskiya ɗaya ce. Masallacin juma'a liman huɗuba yake yana roƙon kar a yi yaƙi, sanatocin Arewa suka ƙi, Sarki Sanusi ya tafi Yamai da kansa ya ga Tchiani, malamai suka bi baya da Sheikh Bala Lau a gaba. Wani dattijo maƙwabcin rumfarmu kullum da safe sai ya leƙo yace yaro ya mutanen gida, an samu waya? Ban taɓa mantawa ba.

A watan Oktoba babana ya kwanta ciwo. Boda a rufe, sai hanyar daji, na hau babur daga wajen Jibiya muka ratsa gonakin gero da aka gama girbi, ga tsoron ɓarayin daji ga shinge bayan shinge na masu kaki ta kowane ɓangare, kowa sai ka miƙa masa wani abu kafin ya ɗaga igiya. Tafiyar da bata wuce awa biyu daga Katsina ta cinye min yini guda. Na isa bayan la'asar, an kaishi makwanci tun azahar. Allah ya jiƙansa.

Shi yasa ranar 28 ga Janairu 2024 da aka karanta a talabijin cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita, wlh farko daɗi naji, ban ɓoye ba. Ƙungiyar da ta iya hana talaka wuta da magani saboda kujerar mutum ɗaya, shekara nawa ƴan ta'adda na kashe mutane a Tillaberi da Diffa bamu ga wa'adin sati ɗaya ba. Har yau idan wani yace ECOWAS bata da laifi bana iya saurarensa. Sai bayan an fita ne a watan Fabrairu suka ɗage takunkumin, Maris aka buɗe boda.

Amma fa daga baya da na zauna na duba rayuwata sai jikina yayi sanyi. Me ya bani damar zama Kaduna ba biza? Yarjejeniyar 1979 ce ta ECOWAS ɗin nan, wadda ta ce ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shiga ya zauna kwana 90 ba wanda zai tambaye shi biza, daga baya aka ƙara da damar zama da kafa sana'a. Tun 1975 da Gowon da Eyadema suka jagoranci kafata a Legas ake gina wannan. Fitar ta tabbata 29 ga Janairu 2025, ECOWAS tace a cigaba da karɓar fasfo da katinmu masu tambarinta, a barmu mu shiga mu fita, har sai an sake sanarwa. Kunji kalmar, har sai an sake sanarwa. Rumfar kawu ta shekara 30, hayar ɗakina, duk akan wannan suke tsaye yanzu. Ba wanda ya tambaye mu, ba ƙuri'a aka kaɗa ba, ko Ingila da zata bar tarayyar Turai a 2016 saida ta tambayi mutanenta.

Abinda ke ƙona min rai a teburin shayin nan, masu cewa Tchiani namiji ne a bar masu ECOWAS kayansu yawanci basu taɓa tsallaka Jibiya ba, katin ɗan ƙasarsu na aljihu, duk yadda ta kaya su ba abinda zai taɓa su. Masu zagin kuma sai suce ai Nijar bata iya kwana uku ba Najeriya, kamar shanu da raguna da albasa da waken da ke cika kasuwa daga sama suke saukowa. Ni na yarda korar sojan Faransa abin alfahari ne, amma har gobe sefa muke kashewa, UEMOA, ƙungiyar ƙasashen da ke kashe sefa, ba'a fita ba, an bar ƙungiyar da ta haɗa mu da Kano da Sakkwato an zauna a wadda ta haɗa mu da kuɗin da ke jingine da yuro. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Ga naira ta faɗi tun 2023, jaka guda ta haura naira 2000, abinda nake turawa mama da yake isarta wata yanzu sati biyu baya kaiwa.

Iyalina ta iso bara, Allah ya bamu ɗiya anan Kaduna, ranar suna layin nan kaf suka fito, dattijon nan shi ya raɗa mata suna. Amma a dokar Najeriya haihuwa a ƙasa kaɗai bata maida yaro ɗan ƙasa sai in uwa ko uba ko kaka ɗan nan ne, kenan ita ma ƴar Nijar ce kamar ni. Takardar haihuwarta na naɗe a leda ɗaya da fasfona mai tambarin CEDEAO, 2027 zai ƙare, in na koma sabuntawa na AES za'a bani, sabuwar ƙungiyar Nijar da Mali da Burkina Faso. Bayan salla nake son kaita Maraɗi mama ta ganta, kawu yace in tafi da takardun duka, in kuma bar kwafi a wajensa.