Gadon da ba a lissafa ba ranar rabo

Na kusa shekara goma ina buɗe wa mutane shafukan intanet a wani ɗan shago da ke PZ a Zariya, amma sai da wani Alhaji daga cikin birni ya rasu na gane akwai maganar da ban taɓa yi da masu kawo mini aiki ba.

Alhajin, Allah Ya jiƙansa, dillalin manyan riguna ne, irin masu aikin hannu, aska biyu da aska takwas. Ni na yi masa rajistar sunan shafin, abin da muke kira domen, da imel ɗinsa da lambar wayarsa, kuɗin kuma duk shekara daga katinsa na banki ake cira. A ganina na fita haƙƙinsa, tunda komai da sunansa yake. Sunan nan yana jikin ledar shagon, kuma ta nan masu saye daga Kumasi da Yamai da Landan suke samunsa.

Wata biyar da rasuwar, babban ɗansa ya zo. Muna gama gaisawa ya miƙo mini waya. "Malam, dubi abin da ke shafin Baba." Tallar caca ce, cike da allon, a ƙarƙashin sunan mutumin da ba ya rasa sahun farko. Yaron bai ƙara cewa komai ba, idonsa ne kawai ya kaɗa.

Domen haya ce, ba saye ba. Kamfanin rajista ya yi abin da dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet a duniya, ta ɗora masa, ya aika da tunatarwa ana saura wata guda, ya sake aikawa ana saura mako. Duk sun faɗa cikin imel ɗin da ba wanda ya san kalmar sirrinsa, wayar kuma tana kashe cikin durowa. Banki ya rufe asusun da aka kai masa labarin rasuwa, katin ya ƙi biya. Sunan .com idan wa'adinsa ya cika, akan yi sassaucin da bai wuce kwana 45 ba, sai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, sai kwana 5 na jiran gogewa. Kwana 80 ke nan in an ja da yawa. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Kafin Hajiya ta fita, sunan ya koma kasuwa, wani ya ɗauke saboda mutanen da ke ziyartarsa.

Ranar rabon gado an lissafa gida da gona da rigunan da ke shago, har bashin masu ɗinki an biya. Ba wanda ya ambaci wannan, don ba wanda ya san dukiya ce. Ni na sani, na je gaisuwa, na zauna a tabarma na yi addu'a na tashi, abin bai faɗo mini a rai ba. Wannan yake ci mini rai har yau. Da an kai takardar shaidar rasuwa da ta kotu da wuri, akwai hanyar mayar da sunan hannun magada.

Daren nan na buɗe asusuna na kamfanin rajista. Sunayen mutane ne jere a ƙarƙashin imel ɗina: wata Islamiyya a Tudun Wada, mai sayar da iri a Samaru, wata ƙungiyar mata a Sabon Gari. Sun ce in riƙe musu don ba su iya ba, na riƙe. In na kwanta ban tashi ba, amanar mutane ta bi ni kabari. Hadisin Ibn Umar da ya hana mai abin wasiyya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, na daɗe ina jinsa, ina ɗauka da masu gidaje da gonaki ake.

Yanzu duk wanda na yi wa aiki, sunan yana asusunsa, kuma ba ya fita sai mun cika takarda guda: kamfanin da aka yi rajista, ranar cikar wa'adi, imel da layin da aka ɗaura, da mutum na biyu da zai iya shiga. Makaranta ko ƙungiya, da sunanta ake yi, ba da na shugaba ba. Mai hali ina ba shi shawara ya biya shekaru da yawa gaba, .com na karɓar har 10. Wasu kuma na kai su .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, mai kula da sunayen intanet na Najeriya, a biya da naira ba fargabar dala. Tawa takardar tana cikin ambulan wurin uwargida, ƙanena ya san da ita.

Ɗan Alhaji mun buɗe masa sabon suna da ƙarin kalma ɗaya. Ledojin da mahaifinsa ya buga suna nan daure-daure a shagon. Da na leƙa kwanaki, na tarar da shi da baƙin alƙalami yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana shafe tsohon adireshin.