Lambar da ta fito a allon eskabeta ba ta ce a sayi sensa ba

Darasin da ya fi cin kuɗi a gyaran eskabeta, wato motar haƙa, shi ne sayen sabuwar sensa, 'yar na'urar da ke awo tana kai wa kwamfutar mota rahoto, alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. Direba zai ce mota ta yi sanyi, hannun haƙa ba ya ɗagawa da ƙarfi, ga kuma lambar matsala a allo. A buɗe littafin motar, a ga an rubuta sensar matsin famfo, sai a tura yaro kasuwa. A ɗaura sabuwa, a tayar da inji, lamba tana nan daram. Abin da aka manta shi ne kwamfutar mota ba ta ganin sensa. Wutar da ta dawo mata ta waya kaɗai take karantawa, saboda haka duk abin da ya lalace tsakanin sensa da kwamfuta, sunan sensa zai fito.

Yawancin sensocin matsin man haidirolik waya uku gare su: ɗaya tana kawo wuta 5V daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, wato negatif, ta ukun kuma tana mayar da saƙo tsakanin 0.5V da 4.5V. Da gangan aka bar ɗan gurbin nan sama da ƙasa. In babu matsi ko kaɗan, sensa mai lafiya 0.5V za ta bayar, ba sifiri ba. To da zarar kwamfuta ta ga sifiri ko 5V cif, ta san ba matsin mai take gani ba, waya ce ta tsinke ko ta haɗu da wata.

Kowane kamfani da yadda yake rubuta lambarsa. A Komatsu PC200-8, DHPAMA na nufin sensar famfon gaba, DHPBMA ta famfon baya. Caterpillar na amfani da CID da FMI, masu bin tsarin bai-ɗaya na manyan motoci da ake kira J1939 kuma SPN da FMI. Kashin farko, wato CID ko SPN, yana faɗin wane ɓangare ne, FMI kuma yana faɗin irin ciwon: 3 wuta ta yi sama, 4 ta yi ƙasa, 2 saƙo yana rawa, 13 saiti ya goce. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai su ga FMI 3 su shiga neman inda waya ta haɗu da wuta, alhali a injunan Caterpillar tsinkewar wayar saƙo ma FMI 3 take kawowa, domin kwamfuta da kanta take jan layin sama in babu komai a ƙarshensa. Haka kuma in wayar ƙasa ta tsinke, saƙon sensa sama yake tafiya. Sannan wasu sensocin Caterpillar ba hawa da saukar wuta suke aikawa ba, bugu suke aikawa irin na PWM, inda faɗin bugun wutar shi ne saƙon, kuma wutar da ke shiga cikinsu ba lalle ta zama 5V ba. Irin waɗannan sai da mita mai auna faɗin bugu, da littafin ainihin motar a hannu.

Kada a goge lamba kafin a rubuta ta, tare da awar da ta fito da yawan fitowarta. Lamba mai ci yanzu daban, wadda ta zo ta wuce daban. Mai zuwa tana tafiya kusan kullum soket ne ko waya mai gogar ƙarfe.

Kafin a taɓa komai na mai, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a mayar da makulli kan wuta, a saki libar tsaro, a kaɗa libobin aiki ta ko'ina har matsin da ya rage ya fita, sannan a sassauta murfin tankin haidirolik a hankali. Man da ke fita ta ƙaramin rami da matsin bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsi) yana huda fata, kuma raunin ya wuce na ɗaurin tsumma, sai tiyata. Ba a lalube tiyo da hannu.

Daga nan sai batir. Mota mai 24V in tana aiki ya kamata a ga wajen 28V. Batir mai rauni ko kan batir da ya yi tsatsa kan haifi lambobi barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna. Sai soket: a cire, a haska da tocila. A nemi koren tsatsa a kan fil, wato ƙarafan cikin soket, ruwan damina ko na wanki da injin feshi, fil ɗin da ya ja baya, robar da ta fita ƙura ta shiga. In aka ga man haidirolik a cikin soket, sensa ta fashe daga ciki, kuma man yana iya bin cikin waya har ya isa soket ɗin kwamfuta, don haka can ma a duba.

Awo kuwa a kan soket ɗin da ke zuwa daga mota ake fara shi, makulli a kunne, inji a kashe. Tsakanin wayar wuta da ta ƙasa a ga kusan 5V. In babu, sensa ba ta da laifi tukuna. A kashe makulli a auna kowace waya daga sensa zuwa kwamfuta, kada turjiyarta ga wuta ta wuce om 1, kuma kada ta nuna haɗuwa da jikin mota ko da 'yar'uwarta. Ana awon, wani ya riƙa girgiza damin wayoyin, musamman inda ya bi ta gefen famfo da inda maɗauri ya ɓalle. Fitilar gwaji irin ta riwaya ba ta da wurin zama a nan, haka ma soka allura a jikin waya: ramin da aka bari shi ne tsatsar baɗi.

Idan sensoci uku ko huɗu suka yi ƙara lokaci guda, ba tare suka mutu ba. Wutar 5V ɗaya suke sha, ɗaya ce ta haɗe daga ciki ta ja sauran ƙasa. A PC200-8 lambar DA25KP ke nuna haka. A riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, ana kashe makulli kafin kowace, har wutar ta dawo.

Gwajin da ya fi sauƙi, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne musaya. Sensar famfon gaba da ta baya iri ɗaya ne. A musanya su. In lamba ta tashi daga DHPAMA ta koma DHPBMA, sensa ce. In ta tsaya inda take, waya ce ko kwamfuta, kuma kwamfuta ita ce ta ƙarshe da za a zarga.

Mai wuyar kamawa ita ce sensar da ke ƙarya ba tare da ta fita daga iyaka ba, don ita ba ta kawo lamba. A ɗauki misalin sensa mai auna sifiri zuwa bar 500: kowane bar 100 yana ƙara 0.8V. In inji a kashe tana ba da 1.3V, to tana gaya wa kwamfuta akwai bar 100 da babu shi, kwamfuta kuma ta rage wa famfo mai, mota ta yi nauyi. In ƙasa take karantawa, famfo zai ɗora wa inji kayan da ya fi ƙarfinsa, a ji yana shaƙewa da baƙin hayaƙi. Maganin wannan geji ne na hannu mai kai bar 600. A ɗumama mai zuwa digiri 45 zuwa 55, a ja hannun haƙa har ƙurya a riƙe liba, a kwatanta geji da allo. A matsin bar 350 sensar nan 3.3V ya kamata ta bayar. In geji da allo sun yarda da juna amma matsin bai kai ba, sensa gaskiya take faɗa, sai a koma kan bawul ɗin rilif, mai iyakance matsi, ko famfo.

In ta tabbata sai an saya, a bi lambar kaya, ba kamannin jiki ba. Sensar bar 400 tana iya zuwa da zare da soket iri ɗaya da ta bar 500. A matsin bar 350 za ta ba da 4.0V, kwamfuta ta fassara shi kusan bar 437, a koma gidan jiya da sabon kaya a jiki. A sa sabuwar robar zobe, a ɗaure daidai ƙarfin da littafi ya faɗa, a mayar da maɗauran waya inda suke. Sannan a goge lamba, a bar direba ya yi haƙa na gaske har mai ya yi zafi, a sake buɗe shafin lambobi a allo a ga ko ta dawo.