Abin da tseren motoci ya koya mini a gidan kallo

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da gidan kallon ƙwallon kawuna a Yelwa, nan Bauchi. Ni ke rubuta wasannin ranar a allo, ni ke karɓar kuɗi a ƙofa, in an ɗauke wuta ni ke tayar da janareta. Ƙwallo muka sani, da ita muke cin abinci.

Wata Lahadi a Disambar 2021 ɗalibai uku suka shigo, ɗaya ya ce, "Yaya, don Allah ka sa mana tseren motoci a ƙaramar talabijin ɗin can, za mu biya." Ashe tseren Abu Dabi ne, na rufe kakar Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, wanda Max Verstappen ya wuce Lewis Hamilton a zagayen ƙarshe ya ɗauke kambun. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya dafe kai, har aka tashi bai ce uffan ba. Na tambaye su ina suka san wasan da rabonsa da Afirka tun 1993, a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Suka nuna mini wayoyinsu.

A nan na gane cewa ta ƙofar mutum ake shiga wannan wasa yanzu. Yaro ya ga guntun bidiyo a TikTok, ya ji direba yana gardama da injiniyansa ta rediyo, shi ke nan ya samu gwani. Da gangan aka buɗe ƙofar. Kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi gasar a 2017, ya sassauta takunkumin da aka sa wa direbobi kan saka bidiyo a zamanin tsohon shugaban gasar, Bernie Ecclestone, sannan a 2019 Netflix ya fara shirin da ke bin su har bayan fage.

Sai dai son gwani ba ya zaunar da mutum a kan benci awa ɗaya da rabi. Sababbin zuwa sukan miƙe bayan zagaye goma, su ce, "Ai zagaye kawai suke yi." Abin ya dame ni, na zauna na koyi wasan da kaina. Tayar da ke da jan zobe mai laushi ce, tana gudu amma tana saurin cinyewa. Mai farin zobe tauri gare ta, tana jurewa. Mai rawaya tana tsakani. In babu ruwan sama, dole direba ya yi amfani da iri biyu, kuma cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ake canza duka huɗun. Na zana wannan da alli a ƙasan allo. Ranar da na ji wani ɗan acaɓa yana ihu, "A shigo da shi wurin canjin taya yanzu, tayarsa ta mutu!", na san mun samu 'yan kallo.

Abin da ba na so shi ne gaba. Zagin launin fata da aka yi wa Hamilton a intanet bayan motarsa ta yi karo da ta Verstappen a filin tseren Silverstone na Birtaniya a 2021, irin wannan baƙin halin ya so ya shigo zaurenmu na WhatsApp. Mutum biyu na cire, kuma ban yi nadama ba. A zauren akwai 'yan mata da ba za su taɓa tako gidan kallo ba, a waya suke bi, wata ma ta fi mu duka sanin dokoki. Kawu ya ce, "To su da ba sa biyan kuɗin benci fa?" Na ce, "Kawu, ƙannensu ne ke cika mana bencin."

Tseren farko na Hamilton bayan ya koma ƙungiyar Ferrari, a Melbon ta Ostareliya, ya faɗo cikin azumin 2025, ƙarfe biyar na asuba agogonmu. Bayan sahur na buɗe. Aka kira salla muka fita gaba ɗaya, muka dawo muka tarar ana ta fama da jiƙaƙƙen titi. Hamilton na goma ya zo, amma ba wanda ya tashi sai da aka kaɗa tutar ƙarshen tsere.