Sa Ido a Kan Masu Fasa Dutse Bayan Hukuncin Kotu

Ni na wakilci maƙwabtan wani wurin fasa dutse a kwamitin da kotu ta kafa don sa ido a kan kamfanin, bayan ƙarar da muka shigar. Aikin ya nuna mini cewa ranar yanke hukunci somin taɓi ce, wahalar tana gaba.

Tun a zaman kotu na farko muka gane koke kaɗai ba ya tsayawa a gaban alƙali. Kowa ya san ƙura na cika ɗakuna, yara na kwana tari, bango na tsagewa in an tashi nakiya. Amma lauyan kamfani sai ya ce ƙurar hanya ce, iska ta kwaso ta. Dole muka nemo masu awo. Suka kafa na'ura ɗaya ta inda iska ke fitowa, ɗaya ta inda take wucewa bayan ta ratsa injin, suka auna ranar aiki da ranar hutu. Bambancin ne ya yi mana magana. Ma'aunin da muka dogara da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 2021, wanda ya ce ƙurar da ake kira PM10, wato mai ƙananan ƙwayoyin da ake iya shaƙa, kada ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin awa 24.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bayanin likita ne. Ƙurar da ido ke gani ba ita ce mafi muni ba. Siririyar ƙurar silika, wadda ke tashi idan ana niƙa dutse, ita ke nutsawa can cikin huhu ta bar tabo. Tabon ba ya warkewa, yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma tun 1997 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Leburorin da ke tsaye a bakin injin sun fi mu shaƙarta nesa ba kusa ba, alhali da farko kallon masu son raba su da abincinsu suke yi mana.

Lauyarmu ta kafa hujja da Kotun Ƙolin Indiya, wadda a 1992 ta ba da umarnin rufe injinan fasa dutse na cikin Delhi, da kuma ƙa'idar da taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio na Brazil a shekarar ya amince da ita, cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Alƙali bai rufe wurin ba. Sharuɗɗa ya gindaya: a lulluɓe injin da bel ɗin da ke jan tsakuwa, a riƙa fesa ruwa, a rufe tifofi da tamfol, a ƙayyade lokacin tashin nakiya. Mafi amfani duka, ya ƙi rufe fayil, ya ce a riƙa kawo masa rahoto.

Duk ziyarar da muka sanar da ita, sai mu tarar da fili jiƙe sharkaf, kowa sanye da sabon takunkumi. Idan muka je ba sanarwa, famfon feshin ruwan a kashe yake. Daga nan na koyi duba abin da ba a iya gyarawa a dare ɗaya: farin da ya daskare a ganyen bishiyoyi, bakin bututun feshi da ya toshe, lissafin ruwa da man dizal idan aka gwada shi da yawan tifofin da suka fita. Na koyi zuwa da dare ma, domin a lokacin aka fi sakin injin. Akwai kuma abin da hukuncin bai hango ba. Ruwan feshin kan kwashe laka ya zuba a rafi, sai da muka koma kotu aka ƙara sharaɗin haƙa ramin da lakar za ta kwanta.

A ganina tara ba ta razana irin waɗannan kamfanoni, cikin kuɗin aiki suke lissafa ta. Ranar da aka tuhumi manajan da raina kotu, aka garƙame injin sai an gyara, a makon aka gyara famfo. Rahoton da ya kai ga haka gajere ne, hotuna ne masu kwanan wata da sa hannun dukanmu, har da wakilin kamfanin.

Yanzu ƙoƙarinmu shi ne kotu ta sa a ajiye kuɗin cike ramin da ake haƙo dutsen tun kamfanin yana aiki. Idan dutse ya ƙare suka kwashe kayansu, rami ne mai zurfi cike da ruwa zai saura kusa da gidaje, kuma ba za a sami wanda za a kai wa sammaci ba.